Wasiƙa daga Tahoua kan motarka mai rawa in an taka birki

Assalamu alaikum, aminina Alhaji.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Mu nan Tahoua sai godiya, ruwa ya sauka, gero ya fara kai. Saƙonka ya iso, kuma tun da na karanta cewa da wannan Corolla kake shirin tasowa daga Damagaram da iyali, hankalina bai kwanta ba. Ka ce in ka kai gudun 100 ka taka birki sai sitiyari ya kama rawa a hannunka, amma a cikin gari lafiya lau. Don Allah kada ka hau hanyar nan sai an duba ta. Tafiyar ta haura kilomita 500, ga manyan motocin albasa a Galmi, ga shanu da jakuna masu faɗowa kan kwalta ba sallama.

Kafin ka je gareji, ka gwada ta da kanka a miƙaƙƙiyar hanya wadda babu jama'a. In tana rawa a 90 ko 100 alhali ƙafarka ba ta kan birki, matsalar taya ce: ko ba a daidaita nauyinta ba, ko ta yi ƙari, ko janti, ƙarfen da aka sa tayar a kai, ya lanƙwashe a rami. In kuwa sai ka taka take farawa, ka saki ta daina, to birki ne. Rawar da ke zuwa ta sitiyari daga ƙafafun gaba take. Wadda kake ji a kujera da bayan mota, a duba na baya.

Yawancin lokaci disk ne, wato faifan ƙarfen da plaket (takalman birki) ke matsewa in ka taka. Za a ce maka ya lanƙwashe. Wani lokacin haka ne, amma abin da na fi gani a shekarun da na yi ina aikin gyaran mota shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya: wani gefe ya cinye, wani gefe kuma garin plaket ya manne masa saboda zafi. Bambancin bai kai kaurin gashin kai ba, ido ba ya ganinsa, amma a gudun 100 taya na juyawa sama da sau goma a daƙiƙa ɗaya, kowane juyi plaket na cin karo da wurin. Shi ya sa a gari ba ka jin komai.

Abin da ya fi damuna shi ne a sayar maka da sabon disk ba a nemo abin da ya ɓata tsohon ba, bayan wata biyu rawar ta dawo. Ka tsaya a kan masu gyaran, Alhaji, kada ka bar mota ka tafi. A cire disk a goge mazauninsa da burushin ƙarfe har tsatsa da yashi su fita, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya a bayansa ta isa ta sa ya zauna a karkace. A mayar, a sa agogon awo, mai nuna karkacewar disk, a juya disk ɗin da hannu. In kaucewarsa ta wuce milimita 0.05, akwai magana. A duba maƙallin da ke matse plaket, ƙusoshinsa biyu su riƙa zamewa sumul. In ɗaya ta ƙafe, plaket na gugar disk ko ba ka taka ba. Alamarta ita ce ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya, ko plaket ɗin ciki ya riga na waje ƙarewa. A kuma girgiza taya a ji ko rotil (gaɓar da ke haɗa ƙafa da sitiyari) da robobin ƙafa sun saki, don su ma suna ƙara rawar.

Batun kai disk wurin masu sassaƙa ƙarfe: ana yi, kuma ya fi araha, amma da sharaɗi. A jikin kowane disk an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. In bayan sassaƙa zai gaza wannan lamba, a jefar, domin siririn disk saurin ɗaukar zafi yake. Ni dai da iyali a mota, sabo zan saya. A canja na dama da na hagu tare, da sabbin plaket.

Sai notin taya, wanda kowa ke rainawa. Yaran masu faci kan sa bututu a sifana su hau da ƙafa, wai don kada taya ta fita. Wannan ɗaurin na danne disk ta gefe ɗaya. Ƙarfin ɗaurin na Corolla Nm 103 ne a awon sifana, a ɗaure da sifana mai awo, ana tsallakawa daga noti ɗaya zuwa wanda ke fuskantarsa, ba a bi su a jere ba.

In an gama, kada ka fita da gudu nan take. Ka kai 60, ka taka a hankali zuwa 20, ka sake, kamar sau takwas ko goma, ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiya su huce. A hanya kuma, yanzu da damina, in ka yi ta taka birki kada ka afka cikin ruwan korama da zafinsa, kuma kada ka kai ta wanki da isowarka. Man birki ma in ya shekara biyu a zuba sabo.

In mai garejinku ba shi da agogon awo, nemi wanda yake da shi. Ka aiko min da hoton disk ɗin da lambar da aka samu kafin ka biya kuɗin kaya. Ranar tasowa ka fita da asuba, in ka wuce Tsernaoua ka kira ni, zan sa a ɗora tukunya.

Ka gaida Hajiya da yara, ka gaida Baba da jiki. Allah Ya kawo ku lafiya.

Naka,
amininka na Tahoua