Wasiƙa zuwa ga 'yata kan binciken da ta zaɓa

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, na ga saƙonki cewa wasu abokan karatunki suna ɗaukar nazarin furotin mai karɓar saƙon jijiya a matsayin aikin ɗakin gwaji wanda amfaninsa ba ya isa ga majiyyaci. Shawarata ita ce ki riƙe zaɓinki da kyau.

A 1973, a Cibiyar Salk da ke Amurka, Jim Patrick da Jon Lindstrom sun tace furotin mai karɓar asetilkolin, wato sinadarin da jijiya ke aika wa tsoka saƙon motsi da shi, daga jikin wani kifi mai wutar lantarki, suka yi wa zomaye allurarsa domin su sami sinadaran kariya, irin waɗanda garkuwar jiki ke samarwa, da za su yi nazarin furotin ɗin da su. Sai zomayen suka raunana kamar masu cutar mayasteniya girabis, wadda ke sa tsoka rauni da saurin gajiya, kuma da aka ba su maganin masu wannan cuta, ƙarfinsu ya dawo. Wannan ne ya gaskata hasashen John Simpson na 1960, cewa a wannan cuta garkuwar jiki ce take juyowa kan mai ita. Sinadaran kariyar suna toshe furotin ɗin, suna hanzarta kawar da shi daga jikin tsoka, suna kuma lalata mahaɗar jijiya da tsoka, har saƙon motsi ya riƙa isowa amma masu karɓarsa sun ƙaranta. Ana samun su a jinin kusan kashi 85 cikin 100 na waɗanda cutar ta game musu jiki.

Saboda haka, idan gwaji ya ba ki sakamakon da ba ki zata ba, kada ki yi gaggawar watsar da shi. Ki rubuta shi yadda ya zo, ki maimaita, sannan ki kai wa malaminki.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanenmu. Mace za ta tashi garau da safe, zuwa yamma fatar idonta ta sauko, tauna ta gagare ta, a ce sammu ne, alhali alamun wannan cuta ne, kuma tun 1934 Mary Walker ta nuna cewa maganin fisostigmin, wanda ake samu daga waken Kalaba, yana sassauta wannan rauni. Ki ƙware a gwajin gano sinadaran kariyar nan a jini, domin asibitocinmu suna matuƙar buƙatar masu iya shi.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'a.

Mahaifinki.