Ango, na samo faifan mai wanke-wanke

Salam mutumina,

Ya gida ya amarya, ya jikin Hajiya? Shirun nan ya yi yawa wallahi, tun da aka ɗaura maka aure sai dai in hango ka online ka sulale, ko "ya sanyi" babu, ko dai amarya ce ta riƙe wayar? Hotunan bikin ma har yau ina jira. To ni dai ba faɗa na zo yi ba, tambaya ce da ni, wannan na'urar DVD ɗin ta sutudiyonka wadda kake ɗora wa kofin shayi, tana aiki kuwa har yanzu? Ka ba ni amsa don akwai dalili.

Kasan akwai wasu shaguna a nan Japan da ake kira Book Off, gwanjon littattafai ne da fayafayai da kayan gem, komai an goge shi tsaf an jera. Na shiga neman littafin karatu kawai sai idona ya faɗa kan wani faifai an rubuta UH3+, na ɗauko na juya bayansa, kai! Utada Hikaru ce. Kar ka ce min ba ka gane ta ba, ita ce mai waƙar farkon gem ɗin Kingdom Hearts da muke hana kowa danna start sai ta ƙare, har mai shagon gem ya riƙa cewa lokacinmu na tafiya. Waccan da muka sani ta Turanci ce, Simple and Clean, asalinta da Japananci sunanta Hikari. To faifan nan tarin bidiyoyin waƙoƙinta ne, shi ne na uku a jerin, ya fito a watan Satumba na 2002. Kuɗin da na biya bai kai na abincin rana ba.

Mu a can mun ɗauka wata ƴar waƙar gem ce kawai, ashe a nan babbar giwa ce. A New York aka haife ta a 1983, mahaifiyarta Fuji Keiko shahararriyar mawaƙiya ce ta salon enka, irin wanda tsofaffi ke so, babanta kuma furodusa. Tana da shekara 15 ta saki Automatic a ƙarshen 1998, kundinta First Love na 1999 ya sayar da kwafi sama da miliyan 7 a cikin Japan kaɗai, kuma har yau ba a samu kundin da ya kamo shi ba a ƙasar. Da hannunta take rubuta waƙoƙinta kuma ita take ɗora musu karin. Wani dattijo da muke aiki tare a lab da ya ga faifan a jakata sai da ya ajiye abin da yake yi ya fara nuna min yadda take rawa a duƙe a bidiyon Automatic, mutumin da ko dariyarsa ban taɓa ji ba.

Amma ba tarihinta ne ya sa na zauna rubuto maka ba, abin da na gani ne da na kalli faifan a jere tun daga farko ba tsallake. Kasan a YouTube ɗaya za ka kalla sai a jefo maka wani abu daban, ba za ka taɓa ganin yadda aikin ya taso ba. A nan kuwa hannun mutum guda kake bi, Kiriya Kazuaki, mai ɗaukar hoto ne da ya koma darakta, kuma a watan da faifan ya fito a watan suka yi aure da ita, daga baya suka rabu a 2007. Bidiyon waƙar traveling jirgin ƙasa ne cike da wasu irin halittu masu kayan ado kala-kala, ko ina motsi, ko ina launi, ka tsayar da hoton a duk inda ka ga dama za ka samu abin kallo a kowace kusurwa. Sakura Drops ya ma fi, daji ne na mafarki da tsuntsaye da dabbobin da babu su a duniya, ina kallo ina lissafa maka daren da za ka kwana a gaban kwamfuta kafin ka haɗa daƙiƙa goma irin wannan, ga shi 2002 ne fa, lokacin mu ko waya ba mu riƙe ba.

Sai kuma Hikari. Ango, wanke-wanke take yi. Shi kenan. Tana tsaye a gaban famfon kicin, kyamara a kafe wuri guda ba ta matsa ba, tana cuɗa kwanuka tana ɗaurayewa tana bin waƙar da baki, ta sha ruwa, ta ci gaba da aikinta har waƙa ta ƙare. Babu rawa babu canjin kaya babu komai. Kuma wallahi shi ne na fi maimaitawa, don bayan duk wancan hayaniyar launi sai ka ji kamar ka fito daga Kantin Kwari ka shiga soron gida, a nan ne ka fara jin muryar sosai, kana kallon hannunta cikin kumfa kana jin yadda numfashinta yake karyewa a wasu gaɓoɓin. Darakta ɗaya ne fa ya yi duka, wanda ya iya cika allo da dubun abubuwa shi ne ya ajiye kyamara ya bar ta da soso.

Kai na tuna nan take. Muryar da ka turo min kafin biki, inda kake cewa ka gaji, kowane yaro ya zo da waƙa sai ya ce a yi hayar mota da otal da jirgi maras matuƙi, kuɗin kuma babu, in aikin ya fito ba kyau a ce edita ne, har kana maganar sayar da kayan ka koma kasuwa wajen Kawu. Maganar ta tsaya min a rai fiye da yadda kake zato. Ni na san idonka, na ga abin da ka ɗauka da waya ranar sunan gidan Yaya, inda Inna ke tankaɗe hasken taga na sauka a kan garin, ba wanda ya koya maka wannan. Ba cewa nake ka kwaikwayi ƴar Japan ba, so nake ka zauna ka kalli faifan nan a jere kafin ka yanke shawarar sayar da ko da waya ɗaya ce ta caji. In ka gama ka ce har yanzu kasuwa za ka, to ba zan ƙara magana ba, Allah Ya sa albarka.

Af, wai da gaske ne dogon nan ya sake neman kansila? Ƙaninka ne ya faɗa min a guje bai ƙarasa ba. Kuma wa ya gaji teburin mai shayi, na ji an ce ya koma garinsu.

Akwai bidiyo guda ɗaya a cikin faifan da ban iya kallonsa sau biyu a zama ɗaya ba, Final Distance. A watan Yuni na 2001 wani mutum ya shiga makarantar firamare a Ikeda, nan cikin yankin Osaka ne ba nisa da inda nake, ya kashe yara 8 da wuƙa. Ɗaya daga cikin yaran ta taɓa rubuta insha'i cewa in ta girma so take ta zama mawaƙiya irin Utada, shi ne Utada ta sadaukar mata da waƙar. Asalinta waƙa ce mai ɗan sauri a kundin Distance, aka sake ta a hankali da fiyano da goge. Mutanen nan har yau in aka ambaci Ikeda sai ka ga fuska ta canza. Allah Ya tsare mana yaranmu ko ina suke.

Yanzu matsalar ita ce fayafayan DVD an raba su yanki-yanki, na Japan lamba 2 ne, Najeriya kuma tana lamba 5, wata na'urar in ka saka sai ta tofo shi. Amma yawancin ƴan Chana da ake sayarwa a wajenmu ba ruwansu, komai ci suke, in kuma ta ƙi ka gwada a laftof da manhajar VLC. Ba zan aiko ta gidan waya ba. Ranar Juma'a na je masallacin Kobe, tsohon nan da aka gina tun 1935, na haɗu da wani ɗan uwa ɗan Zariya da zai zo gida hutu, ya ce zai riƙo min, har da koren shayin da na yi wa Hajiya alkawari. Ka shirya zuwa karɓa da kanka, kar ka tura yaro, kasan halinsu za a buɗe a hanya.

Ina nan ina farautar na farkon, UH1 na 1999, shi ne mai Automatic da First Love a ciki, ina so in ga yadda ta faro kafin zuwan Kiriya. In na samu kafin mutumin ya tashi sai in haɗa maka duka biyun.

Sanyi ya fara shigowa, kuma yajin da ka haɗo ni da shi ya kusa ƙarewa, don haka in ɗan Zariya zai dawo kasan abin da ya kamata, a sa kilishi ma in za a bari ya wuce, ka fara tambaya tukuna don suna da tsauri a kan nama. Ka gaida amarya ka ce ina jiran tukwicin shayin, ka gaida Kawu da su Inna da duk ƴan majalisa, ka ce wa ƙaninka ya kira ni ya ƙarasa min labarin kansilan.

Naka har kullum,
na Osaka