Amsa ga Baba Alhaji na Jega kan masu danne farashin shanshera

Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

A taron manoma da aka yi a Jega ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: tunda ni ke jagorantar masu binciken 'yan kasuwar da ke haɗa baki, me ya hana mu kama masu sayen shanshera, alhali da kaka ta yi bakinsu ɗaya ne, yadda aka taya buhu a Jega haka za a taya shi a Suru da Argungu? Lokaci ya ƙure ranar. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a ya kamata in amsa.

Abin da kake zargi, in ya tabbata, laifi ne. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, kuma ta kafa FCCPC, hukumar da ke aiwatar da ita, ta haramta wa 'yan kasuwa su zauna su yanke farashi a tsakaninsu, na sayarwa ne ko na saye. Da yawa sun ɗauka masu tsauwala wa talaka kawai dokar ta sa a gaba. Masu haɗa kai su danne manomi ma suna ciki. Kamfani na iya biyan tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata, mutum kuma ɗaurin da zai kai shekara 3, ko tarar naira miliyan 10, ko duka biyun.

Sai dai, Baba, farashi ya zo ɗaya ba hujja ba ce a gaban alƙali. Ka fi ni sanin yadda kaka take. Kowa ya yanke a lokaci guda, kowa na da bashin taki da na fetur ɗin injin ban ruwa a wuyansa, ba kowa ke da wurin ajiya ba, dole a kai kasuwa. Dillalin Jega kuma kafin ya gama shan shayi ya ji ta waya yadda aka tashi a Argungu. Wannan kaɗai ya isa ya karya farashi ya kuma daidaita shi ba tare da kowa ya gana da kowa ba. Lauyan wanda ake tuhuma zai ƙara da cewa a watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar cire harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, don haka masu injinan casa suka ja baya. In abin da muka riƙe ke nan, shari'ar ta faɗi, masu haɗa bakin kuma su fito da ƙarfinsu fiye da da.

Yarjejeniyar muke nema. Wa ya kira zaman, a ina, wa ya halarta, me aka yanke. Saƙon murya da aka tura daren jajibirin kasuwa. Rabon kasuwanni, wane ya riƙe nan, wane ya riƙe can, kada wani ya shiga gonar wani. Abin da ya fi duka nauyi a wurina shi ne horon da ake yi wa wanda ya saɓa. Na taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ƙara wa manoma ɗan abu a kan buhu, motarsa ta yini tsaye a bakin kasuwa, buhuna jibge a ƙasa, 'yan dako na zaune a inuwa ba wanda ya taɓa ko ɗaya, don an gargaɗe su. Yawan kaya a kasuwa ba ya hana ɗan dako lodi. Umarni ne ke hana shi, umarni kuma yana da mai shi.

Ka ce mun yi shiru. Shirun nan rabin aikina ne. A tawagata akwai lauya, da masanin tattalin arziki, da mai tono abin da aka goge a waya da kwamfuta, da wanda ya san kasuwa ciki da bai. Matasan cikinsu jininsu na tafasa, suna so a je a garƙame rumbuna a ɗauki hoto. Ni ke hana su, domin ranar da labari ya fita, ranar za a wanke wayoyi. Sai mun tara abin da zai gamsar da alƙalin Babbar Kotun Tarayya ya ba da takardar izinin bincike, sannan a shiga duk wuraren a sa'a guda. Kafin nan ina tambayar kowane jami'i ko yana da ɗan'uwa a harkar, kuma a Kebbi da wuya ka sami gidan da shinkafa ba ta ratsa ba. Mai kawu ko suruki a ciki sai ya koma wani aikin. Ba mai karɓar tsaraba, ko kwano ɗaya ne. In manya suka fara bugo waya, ni zan ɗauka, ba yarana ba, don su yi aikinsu da kwanciyar hankali.

Irin wannan aiki yana cin lokaci, ba zan ɓoye maka ba. Binciken da FCCPC ta fara kan kamfanin taba na British American Tobacco a 2020 sai a Disambar 2023 ya ƙare, da tarar dala miliyan 110. Na san manomin da mai bashi ke tsaye a ƙofar gidansa ba zai jira shekara uku ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Hukumar ba ta da ikon cewa ga kuɗin buhu, wannan iko dokar ta bar shi a hannun shugaban ƙasa.

Abin da ke gajarta hanya shi ne na ciki ya yi magana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Afirka ta Kudu, ƙarshen 2006, masu rarraba burodi ne suka kai ƙara da suka ga manyan gidajen burodi sun yi ƙarin kuɗi a tare. Kamfanin Premier ya amsa laifi ya tona sauran aka yi masa sassauci, Tiger Brands kuma ya biya kusan rand miliyan 99 a 2007. Mu ma muna da tsarin sassauci ga wanda ya ba da haɗin kai, kuma a kowace ƙungiya irin wannan akwai wanda aka tilasta wa shiga, yana jin haushi a ransa.

Don haka ga roƙona, Baba. Ka gaya wa 'ya'yanka da jikokinka kada su goge saƙon murya in ya faɗo hannunsu. A riƙa rubuta ranar kasuwa, da yadda aka taya, da wanda ya taya, da wanda aka hana lodi ko aka ci tara. Kada a kai maganar rediyo ko Facebook tukuna. In ka san dillali ko ɗan dakon da ya ga zaman da idonsa, ka haɗa ni da shi a inda ya ga ya fi masa rufin asiri, ko da ba a Jega ba ne, ni zan je in same shi.

Wassalam,
Ɗanka.