Lambar da ke jikin kwalin sifika ba ita ce ƙarfinta ba

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana damuna. Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya (na'urar da ke ƙarfafa sauti ta tura wa sifika), kuma a 'yan shekarun nan kayan karaoke na gida, wato na'urar da ke saka kiɗa mutum ya riƙe makirufo yana rera waƙa a kai, sun yi yawa a teburina. Kusan duk wanda ya kawo tasa a ƙone, tambayarsa ɗaya ce: wat dubu uku fa aka rubuta, ta yaya za ta lalace?

Haka ƙanwata ta tambaye ni. Na juya bayan na'urarta, na nuna mata 'yar takardar da ke manne kusa da wayar wuta. Wat 60 take ja. Na ce mata, abin da ya sha wat 60 daga soket ba zai iya ba sifika wat 3000 a jere ba, domin na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta sha, wani ɓangaren ma zafi yake zama. Waccan babbar lamba, in an duba da kyau, za a ga haruffan PMPO a gefenta. Ƙarfi ne na ƙiftawar ido, kuma babu wata ƙa'ida ɗaya da aka yarda da ita wajen auna shi, kowane kamfani da yadda yake lissafinsa. Lambar da nake aiki da ita ita ce ta RMS, ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana ta aiki ba tsayawa. Matsalar ta daɗe, don tun 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta wajabta wa masu ƙera amfilifaya su bayyana irin wannan ƙarfi mai ɗorewa.

Ko RMS ɗin ma, jama'a na ɗora masa nauyin da ba nasa ba. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarar sauti, kunne zai ji bambanci amma kaɗan. Kafin ka ji kamar ƙara ta ninka, sai wat ya ƙaru wajen sau goma. Akwai wata lambar da ba a cika dubawa ba, wadda ke nuna yawan ƙarar da sifika ke yi da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Mai desibel 93 da wat 25 tana yin ƙarar da mai desibel 87 ke buƙatar wat 100 kafin ta yi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ƙaramar amfilifaya ke kashe sifika, mutane kuwa suna ɗauka babba ce kaɗai ke yin ɓarna. Waƙar da aka naɗa an riga an daidaita ta, amma muryar mutum a makirufo ba ta da linzami: yanzu raɗa, anjima ihu, ga yaro ya hura iska a ciki, ga ƙugin da ke tashi in an kusanci sifika. Idan an murɗa ƙarar har ƙarshe, amfilifaya ta kasa, sai ta yanke kan sautin, murya ta riƙa fita a dishe. Wannan gurɓataccen sauti yana dumama 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, wadda muke kira tiwita, har ta ƙone. Ita na canza wa ƙanwata.

A kuma duba om, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke shigarta. Sifika mai om 4 ta fi mai om 8 jan wuta, don haka kada a haɗa ta da amfilifayar da ba a rubuta tana ɗauka ba.

Roƙona ga masu sayarwa, ku bar mai saye ya gwada da makirufo, ba da kiɗa kaɗai ba. Ya ɗaga murya kamar yadda zai yi a ɗakinsa, ya saurara ko za ta fara dishewa. Ƙanwata yanzu ba ta wuce rabin maɓallin ƙara, kuma tun da na gyara mata ba ta sake dawo da ita ba.

Naku,
Wani mai gyaran rediyo