Rahoton shekara ga ƴan asusun lafiyarmu na tsofaffin sojoji, Damagaram

Assalamu alaikum manyanmu, abokan ɗamara da iyayenmu mata.

Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba.

Bana muka sauya yadda muke biyan ɗakin shan maganin da muke hulɗa da shi. A da kowace ordonansi (takardar magani) aka kawo sai mu biya, damina ba ta raba ba asusu ya ƙafe. Yanzu akwai ladan ƙwazo duk wata 3, kuma majo, wato shugaban ɗakin shan maganin, ba ya samunsa sai rajista ta nuna an gwada jini kafin a ba da maganin masassara, an rubuta jenerik (magani iri ɗaya mai araha) in akwai shi, masu hawan jini kuma suna dawowa awo. Ruwanda ta bi wannan hanya a asibitocinta tun 2006. Ragin rabin kuɗin asibiti da gwamnatin Nijar ta yi daga Satumba 2024 ya taimaka, sai dai magani a farmasi yana nan da tsadarsa.

Ranar awon hawan jini da ciwon suga ita ce abin alfaharinmu. Tun bayan asuba mutane suka fara zuwa, ba su karya ba kamar yadda aka ce, daga Birni, Zango da Garin Malam. Kujeru suka ƙare, aka shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro. Wani tsohon sajan da ya rantse rabonsa da likita tun yana cikin kaki, da ya ga awonsa sai ya cire hula ya yi shiru. Yau shi ke fara zuwa awo. Matan mamatanmu suka dama kunu, Allah ya saka musu.

Katin mambobi mai hoto bai fito ba, ina jin ana cewa biron asusu, wato mu shugabanni, ya yi barci. Kun san mai bugawa ba ya aiki bashi. Ziyarar gida-gida don tabbatar da abin da rajista ta ce ma ta tsaya, da man babur ɗina ake yin ta. Ladan wata ukun ƙarshe har yanzu ba mu biya majo ba, saboda masu zubi ba su kai rabinmu ba. Wasu sai ciwo ya kwantar da yaro suke tuna lambata, in na kira batun zubi kuwa waya a kashe.

Littafin bashi yana hannun ma'aji. Wanda sunansa ke ciki ya zo da kuɗinsa taro mai zuwa, ni na daina bi gida-gida.

Sakataren asusu