Godiya Ga Gidan Da Ke Sayar Mana Da Albasar Furen Hayasint

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan gidan rainon shuke-shuken da nake ciniki da su,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, domin hidimarku ta wuce karɓar kuɗi da miƙa kaya. Mutane da yawa kan shuka albasar hayasint, wato wani fure mai ƙamshi da ke tsirowa daga gindi mai kama da albasa, hunturu ya wuce, sai su ga ganye zalla, ko kuma fure ya maƙale a gindi ya ƙi tasowa. Wasu su zargi taki, wasu su zargi ƙasa. Ku ne kuka nuna mana inda gizo ke saƙar.

Ma'aikaciyarku ta ɗauko albasa guda ta raba ta biyu da wuƙa a gabanmu. Can tsakiya sai ga ɗan furen a dunƙule, bai kai ɗan yatsa ba, amma siffarsa ta riga ta fito. Ta ce furen baɗi yana ciki tun kafin a shuka, sanyi kawai yake jira. Asalin tsiron daga kudancin Turkiyya da Siriya da Lebanon ne, inda yake kwana a ƙasa duk tsawon hunturu, don haka sai ya samu makonni 12 zuwa 14 cikin sanyin digiri 4 zuwa 9 a ma'aunin Celsius kafin karansa ya miƙe sosai. Wanda yake wurin da sanyi bai kai haka ba, sai ya sa albasar a jakar takarda ya ajiye a firiji. Ta kuma ja mana kunne cewa kada a haɗa ta da tuffa ko wasu 'ya'yan itace masu nuna, domin iskar etilin da suke fitarwa tana lalata furen tun yana ciki. Wannan bayani kaɗai ya cancanci godiya.

Sauran ba wuya: a shuka da kaka, zurfin santimita 10 zuwa 15, tsinin yana kallon sama, a ƙasar da ba ta riƙe ruwa, don laima na ruɓar da ita. Har safar hannu kuka ce mu sa, saboda ɓawonta na sa ƙaiƙayi.

Kayanku ma abin yabo ne. Albasar da na karɓa manya ne, masu nauyi da tauri, babu rumfuna ko laushi. Wadda kuka rubuta wa Delft Blue ta fito shuɗiya, Carnegie ta fito fara tas, ƙamshi ya cika ko'ina da farkon bazara.

Abin da ya fi shiga raina shi ne gaskiyarku. Ba ku ɓoye mana cewa a shekara ta biyu furen ba ya cika kamar na farko ba, sannan kuka koya mana yadda za mu raya tsohuwar albasa maimakon sayen sabuwa: a yanke karan fure idan ya bushe, a bar ganyen wajen makonni shida har ya yi ɗorawa da kansa, domin da shi albasar ke tara abincin baɗi. A ganina ba kowane ɗan kasuwa ne zai faɗi abin da zai rage masa ciniki ba.

Roƙona ɗaya, ku buga wannan bayani a jikin jakar albasar, saboda masu aikowa a sayo musu daga nesa. Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya ƙara muku buɗi.

Naku,
Wani abokin cinikinku