Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya Ta Najeriya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da tashoshin nukiliya da aka ware wa wuri a Geregu ta jihar Kogi da Itu ta jihar Akwa Ibom. Tun yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, lissafin da ake yi mana na lantarki ne zalla, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na zafin da irin wannan tasha ke haifarwa yake zama lantarki, sauran kuwa a kogi ko teku ko iska ake zubar da shi.

Wasu ƙasashen sun daɗe da hana wannan asara. Tashar Aktau ta Kazakistan ta tace ruwan tekun Kasfiyan ya zama na sha daga 1973 zuwa 1999, tashar Gösgen ta Suwizalan kuma tana ba masana'antar kwali tururi tun 1979. A Haiyang ta Sin gidaje ake ɗumamawa tun 2019, abin da mu ba ma bukata ko a tsakiyar hunturu.

Sai dai ba zan ɓoye maka wahalar ba. Ruwan da ke fitowa bayan an sanyaya tururin da ya juya injin samar da lantarki ɗumi ne kawai, da kaɗan ya ɗara iskar Lokoja a watan Maris, don haka zafi mai amfani sai an ɗebi tururi daga injin kafin ya gama aikinsa, a haƙura da 'yar raguwar da lantarki zai yi. Ko zafin wannan tururin bai wuce digiri 300 ba, ba zai narka ƙarfen Ajaokuta ko ya gasa simintin Obajana ba. Kada wani ya yi wa jama'a wannan alkawari. Amma ya wadatar wajen busar da rogo, da sarrafa manja, da gudanar da na'urorin sanyi masu aiki da zafi domin adana kifi da tumatir. Idan kuma aka haɗa tashar da wutar sola, da rana a karkata tururin zuwa masana'antu ko ma'ajiyar zafi, da dare a mayar da shi ga lantarki, ba sai an riƙa rage wa tukunyar nukiliya, wato inda ake samar da zafin, ƙarfi ba.

Tururi yana hucewa a doguwar tafiya, kuma huda injin bayan an gama gini tsada gare shi. Saboda haka nake roƙon a sa mafitar tururi cikin zanen farko, tare da bututun tsakani da zai raba ruwan tasha da na masana'anta, a kuma keɓe filin masana'antu kusa da kowace tasha. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke gudanar da ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004, ita ta dace a ɗora wa nazarin, a fitar da sakamakonsa kafin a sa hannu a kwangila.

Wassalam,
Wani injiniya daga Zariya